Labule da Rana Tsaka

Ranar da ƙanena Wout ya jawo kabad ɗin mahaifiyarmu zuwa ɗakin baya, na san ba alheri ke tafe da shi ba. Wout bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi don Allah ba. Ya haura arba'in, matarsa ta kore shi, bayansa ya lalace a wurin lodin tumatir, sai ya kwaso jakarsa ya dawo mana gidan Baba, wai na ɗan lokaci. Ni kuwa ina nan tun rasuwar Inna, ina jinyar mahaifinmu, Baba Leen, wanda ciwon mantuwa ya cinye rabinsa ya bar mana rabi.

Gidan ba namu ba ne, na ƙungiyar gidajen haya ne, amma a cikinsa aka haife mu. Baba ya manta sunana, ya manta Inna ta mutu, ya manta yadda ake ɗaure takalmi. Gidan kaɗai bai manta ba. Ƙafarsa ta san matakala, hannunsa ya san inda makunnin wuta yake. Na taɓa kai shi wurin ƙanwarsa a Delft don in huta, ya yi fitsari a kwandon wanki yana kuka saboda ya kasa gane bayi. Likitarsa ba ta ɓoye min ba. Ta ce muddin yana cikin gidan nan zan iya riƙe shi, amma ranar da ya bar shi, sai gidan tsofaffi.

Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙugu.

"Me za ka yi da kabad ɗin Inna?"

"Noma, Yaya. Ai mu 'ya'yan manomi ne."

"Noman me a cikin kabad?"

"Maganin bayana."

"Wiwi dai."

"Ke kika faɗa, ni ban faɗa ba."

"Ka hau bas ka je shagon da hukuma ta bari ana sayarwa ka saya mana, kamar kowane ɗan iska mai mutunci."

"Ku ji ta! Na shago wa ya san abin da suke fesa masa? Gindi biyar ne kacal, Yaya. 'Yan sanda ma kau da kai suke yi."

"Suna kau da kai in a tukunya ne, a bayan gida, da hasken rana. Da ka rataya masa fitila ya zama sana'a. Ka manta mutanen layin coci? Masu gida ba su watsa musu kaya waje ba?"

"Waɗancan jakai ne. Fitilu masu zafi suka sa, ƙanƙara ta rufe kowane rufi a layin ban da nasu. Ni doguwar fitila zan sa, farar nan ta ofis. Ba zafi, ba cin wuta. Ko ke ba za ki san tana ci ba."

Na ce masa in ya kuskura ya kunna, da hannuna zan farfasa su. Da gaske nake, kuma ya sani. Amma Wout irin mutanen nan ne da ke cewa to, su ci gaba da abin da suke yi.

Ya cire katakon da Inna ke jera zannuwan gado a kai. Ya shafe cikin da farin fenti, ya huda baya, ya maƙala 'yar fanka da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta. Fitilun ma bai saya ba, a rumbun bayan gida ya tono su. Na Baba ne, ragowar gonarsa ta cikin rumfar gilashi da aka rushe aka gina gidajen masu kuɗi a wurin. Baba ya naɗe su da jarida ya ajiye, don shi ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya zubarwa.

Ina kicin ina feraye dankali, ina shirya kalaman da zan kori Wout da su, sai na ji murya daga ɗakin baya.

"Ka yi nisa da su. Sauko da su ƙasa."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Baba ya yi watanni bai haɗa kalma uku a jere ba. Na leƙa na same shi tsaye a gaban kabad da silifa ɗaya a ƙafa, ya karɓe sukudireba daga hannun Wout.

"Wa ya koya maka aiki? Shuka za ta miƙe tana neman haske, ta fito kamar tsinke. Kawo sarƙa, a riƙa ɗagawa tana girma."

"To, Baba," in ji Wout, yana kallona ta gefen ido.

"Ka bar cewa to, ka kawo sarƙa."

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman furen kirisanti, wanda ba ya buɗewa sai ya sha dogon duhu. Muna yara, kullum da yamma sai mun taya shi jan baƙin yadi a kan gadajen shuka, kuma wanda ya bar ƙofa a buɗe ranar zai ci tuwonsa da hawaye. Ashe ganyen Wout ma halinsa ke nan. Da tsiron ya fito a cikin 'yan tukwane, Baba ya duƙa, ya murza ganye ɗaya, ya shinshina, ya ce sabon iri ne, bai san shi ba, amma kirisanti ne. Ba wanda ya yi masa gardama.

Daga nan gidan ya canza. Mutumin da nake fama da shi kafin ya bar gado, shi ke riga ni tashi. Ya nemi reza da kansa. Ya riƙa cinye dankalinsa har ya sa burodi ya kwashe romon. Yakan tsoma yatsa a ƙasar tukunya ya ce yau ba za a ba su ruwa ba, kuma ba mai ba su. Wout da ya fara abin ya koma ɗan aike, ana zaginsa safe da yamma, yana ta washe baki. Tun muna yara ban taɓa ganin Baba ya kula shi haka ba.

Wata safiya ina zuba masa kofi, ya ɗago ya dube ni.

"Ineke, kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Na ajiye butar, na shiga bayi, na kunna famfo, na yi kuka har na gode wa Allah. Na manta rabon da in ji sunana a bakinsa. Na san haɗarin da ke cikin kabad ɗin nan sarai, ba wanda ya rufe min ido. Amma daga ranar ban sake maganar fasa fitila ba.

Tagar falonmu babba ce, tana kallon titi, kamar ta kowa a layin. Mai wucewa yana hango teburin cin abincinmu har zuwa ƙofar baya, kuma ba mai tsayawa ya kalla, don mai abin ɓoyewa ne ke jan labule. Namu labulen sau ɗaya na ga an ja shi da rana, ranar da Inna ta cika. Ba mu aika wa kowa ba, amma kafin ruwan kofi ya tafasa maƙwabta sun cika falon. A bakin tagar akwai tukwanen tagulla biyu na Inna, ɗaya dama ɗaya hagu, wanda duk ya gota da ɗaya sai ta gyara. Kowace shekara furen da ya fi kyau a gonar Baba ba ya zuwa kasuwa, cikin tukwanen nan yake zuwa. Bayan rasuwarta na cika su da furen roba na huta.

Tsallaken titi gidan Gwaggo Sjaan ne. Ba 'yar'uwarmu ba ce, amma ita ta karɓi haihuwar Wout, kuma ba abin da ke motsi a layin ba da saninta ba. Da shukar ta girma aka fara ba ta dogon duhu, Baba ya ɗauko kujera ya kafa a gaban kabad, ya zama mai gadi. Ko ni na zo wucewa sai ya ɗaga yatsa ya ce kar a buɗe, suna barci. Wari kuwa ya fara fita, duk da fankar Wout da alkawuransa. Wata rana ina share ƙofar gida, Gwaggo Sjaan ta tsallako da tsintsiyarta.

"Ineke, wane irin kabeji kuke dafawa kwanan nan?"

"Na kasuwa, Gwaggo."

"Uhm. Ya yi ƙarfi." Ta shaƙi iska, ta dubi sama. "Na ga Leen jiya ta taga, ya yi aski. Ya ɗaga min hannu, har da kiran sunana."

"Yana samun sauƙi."

"To, ku ci gaba da ba shi kabejin."

Ta koma gidanta. Ban gane abin da ta faɗa min ba sai daga baya, lokacin da ganewar ba ta da amfani.

Ranar Asabar ce abin ya faru. Na tafi kasuwar Naaldwijk sayen kifi da cuku, na bar Wout da Baba, na ja masa kunne kar ya motsa. Ina fita shi ma ya fita, wai sigari ya ƙare. Na dawo wajen tsakar rana, ina shan kwanar layinmu a kan keke na hango su. Furen roba ya tafi. A cikin tukwanen Inna, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida, ga gindin wiwi biyu sun kai ƙirjin mutum, kawunansu sun yi nauyi suna ƙyalli a rana. A bayansu ga Baba cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya goya hannu a baya, yana kallon titi.

Na yar da keken, kifi ya watse a ƙasa. Ban yi tunanin komai ba, kuma har gobe ina cewa duk wanda ya ce shi da zai tsaya tunani, ƙarya yake. Na faɗa falo na finciko labulen. Zobban sun yi tsatsa, sai da na sa ƙarfi, ya rufe ruf.

"Buɗe!" in ji Baba. "Uwarku ba ta gani ba tukuna."

"Baba, kawo in mayar da su ciki."

"Na taga ne. Mafi kyau na taga ne."

Na kama tukunya ɗaya, ya kama. Tsoho ne, amma hannun manomi ne. Muka yi ta ja, ƙasa na zuba a kan kafet, har ya fara kiran Inna. Dole na saki. Na zaunar da shi, na dafa masa kofi, na yi ta lallashi ina shafa bayansa, ina kiran wayar Wout tana ta ƙara a kan firji inda ya bar ta. Labulen kuwa na manta da shi sam.

Sai aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. A layinmu ta baya ake shigowa, ta gaba sai baƙo ko babban al'amari. Na buɗe. Gwaggo Sjaan ce cikin baƙar kwat, da tukunyar miya a hannu, idonta ja. A bayanta rabin layi, kowa ya sunkuyar da kai. Har da Ferry, wakilin masu gida, wanda ke gyaran indararo a gidan kusurwa, ya sauko daga tsani ya cire hula. Ubansa ya yi wa Baba aiki shekaru a gona.

"Sannu, 'yata," in ji Gwaggo Sjaan, ta rungume ni da hannu ɗaya. "Ya huta. Dama haka suke yi, su warware kwana biyu kafin su tafi. Na ga kifinki a ƙasa na ce shi ke nan."

"Gwaggo, ba..."

"Kar ki ce komai. Ina aka kwantar da shi?"

Ta ture ni ta shigo, sauran suka biyo ta. Zauren gidanmu siriri ne, in mutum ya shiga ba ya juyawa. Sai ga Baba ya fito daga falo da kofinsa a hannu, kwat ta sha ƙasa.

Gwaggo Sjaan ta ƙwalla ƙara, miya ta fallatsa a bango. Wani a baya ya ce, "Yesu!" Wani ya tuntsire da dariya. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta washe. Rabon da in gan shi cikin farin ciki haka tun Inna na da rai.

"Masu saye sun zo," ya ce. "Ineke, ɗora ruwa." Ya damƙi hannun Ferry, ya kira shi da sunan ubansa. "Arie, zo ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

"Baba Leen, bari sai wani lokaci," in ji Ferry. Ya gane. Na ga ya gane, don ya juya fuskarsa bango yana neman hanyar fita. "Ina da aiki a waje. Wallahi wani lokaci."

"Kullum kai sauri. Zo nan."

Mutane sun toshe bayansa, Baba na jansa ta gaba, ni kuma ina maƙale a bayan ƙofa ina cewa ku fita, ku fita, ba mai jina. Baba ya tura ƙofar ɗakin baya, ya buɗe kabad ɗin Inna gaba ɗaya. Farin hasken nan ya zubo zauren, ya haske fuskar kowa. Fitilu a jere a kan sarƙa, fanka na juyawa, sauran gindi uku sun cika ciki. Kowa ya zuba ido. Surukin mutanen gida na biyar, wanda ba ɗan layin ba ne, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto.

"Ka duba kai," in ji Baba. "Ka taɓa, kar ka ji tsoro. Ba ko ƙwaro ɗaya."

Bayan an watse, Ferry ya tsaya a kicin yana murza hularsa. Ƙato ne, amma ranar kamar a hure shi ya faɗi.

"Ineke, me ya kai ki jan labule?"

"Kai ba ka ga abin da ke tagar ba?"

"Na gani mana. Tun safe nake wucewa da tsani, ina kallon takalmina. Kowa ya gani. Gindi biyu a taga, tsoho mai ciwon mantuwa, wa zai yi magana? Ko ɗan sanda ne ya zo, cewa zai yi a cire, shi ke nan." Ya share fuska. "Amma fitila, Ineke. A gaban jama'a. Da hoto. In ban kai rahoto ba, wani zai kai, ya haɗa da ni."

"Ubanka a gonarsa ya ci abinci."

"Na sani."

"To ka sani ɗin."

Na zage shi, zagin da ban san na iya ba. Ya tsaya ya shanye, ya ce in yi haƙuri, ya fita ta baya. Wout ya dawo da sigarinsa yana fito, ya tarar da miya a bango. Na wuce shi na hau goge bangon, don in na buɗe baki ɗayanmu ba zai kwana a gidan ba.

'Yan sanda sun zo ranar Litinin, su biyu, masu ladabi, har da goge ƙafa a bakin ƙofa. Suka yanke shukar suka cusa a buhu, suka kwance fitilun. Baba yana tsaye yana bin su da ido. Da farko ya ɗauka masu saye ne, yana ce musu su riƙe a hankali. Da ya ji fitila ɗaya ta fashe a cikin buhu, sai ya juya musu baya. Ya je ya rufe ƙofar kabad ɗin da ba komai a ciki, ya jawo kujerarsa ya zauna a gabanta.

Hukuma ba ta ɗaure kowa ba, tara kawai aka ci Wout. Masu gida ne suka ƙi haƙura, suka ce in sun bar mu, gobe kowa ya sa fitila. Aka je kotu, na kai takardar likita, na kai Gwaggo Sjaan ta yi shaida tana kuka. Alƙaliyar ta saurare mu da kyau, ta ce abin ya taɓa zuciyarta, sannan ta ba masu gida gaskiya. Wout ya ce laifinsa ne shi kaɗai, a kore shi a bar tsoho. Wannan ce magana mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma ba ta yi amfanin komai ba. Ya koma zama a motar wani abokinsa a bakin teku. Ina jin haushinsa har yanzu, kuma ina kai masa miya.

Baba ya samu ɗaki a gidan tsofaffi, mai tsabta, ma'aikatan kuma ba su da laifi. Ni na samu ɗaki ɗaya a hawa na sama a wani dogon bene, inda tagata ba ta kallon kowa sai tsuntsayen teku. Kullum ina zuwa wurinsa. A makon farko yana lalube bango yana neman makunnin wuta inda babu. A na biyu ya daina nema. Bai sake kiran sunana ba. Abu ɗaya ya rage masa: akwai kabad ɗin kaya a ɗakin, kuma duk ma'aikaciyar da ta zo buɗewa sai ya ɗaga yatsa. Suka saba, suka riƙa ajiye kayansa a kan kujera.

Bai kai bazara ba. Ya cika da hantsi, ina riƙe da hannunsa, yana kallona kamar yadda ake kallon mai sayar da tikiti. Na sa hannu a abin da aka ce in sa, na kira Wout, na fito. Ban san inda za ni ba, keken ne ya kai ni layinmu.

Gidanmu ya samu sababbin mutane, wasu yara miji da mata. Sun cire labulen gaba ɗaya, har sandar. Ana hango ƙatuwar talabijin a inda teburinmu yake, da kyanwa kwance a bakin taga. Na tsaya a titi riƙe da keke, ba ni da ko ƙyallen da zan ja wa ubana.

Sai na juya. Labulen Gwaggo Sjaan a rufe yake. Na gidan da ke kusa da ita ma haka, da na gaba, har zuwa kusurwa. Rana tsaka, layin duka a rufe, ban da gidanmu. Ban san ko godiya zan yi ba ko in ɗauki dutse.

Ƙofarta ta buɗe, ta fito cikin baƙar kwat ɗin nan, ta tsaya nesa da ni kaɗan, hannunta ba tukunya.

"Wannan karon sai da na kira gidan tsofaffin na tambaya," ta ce.